Ɗakin da Ake Ginawa Nesa da Ɗakin Kwana: Tarihin Garajin Masu Sha'awar Mota

 Tarihinmu na yau ya shafi wani ɗan gini da ba a cika kula da shi ba, wato garaji.

Mu nan idan aka ce garaji, abin da ke faɗo mana a rai shi ne filin bakin hanya, gindin bedi, inda maigida da yaransa ke kwance ƙarƙashin tsohuwar mota, baƙin mai ya rine ƙasa. A Turai da Amurka kalmar tana da wata ma'ana kuma. Ɗaki ne da mutum ke ginawa cikin filin gidansa don ajiye mota. Akwai kuma masu gina shi a ware, can bayan gida, su jera kayan aiki, su sayo tsohuwar mota su riƙa kwancewa suna ɗaurawa ranakun hutu. Wani malamin lakwal ne, wani likita, wani ɗan kasuwa. Ba haya suke da motar ba, sha'awa ce kawai, kamar yadda wani a nan ke kiwon doki ko tantabaru. Tambayar da za mu bi ita ce: me ya sa ake ware ɗakin daga gida, kuma me wannan tazara ta haifar?

Kalmar kanta daga Faransanci ta fito, daga "garer", wato a kai abu gefe inda zai tsira. Asalinta ɗaya da "gar" ɗin da ke cikin otogar. Masu magana da Ingilishi sun are ta a farkon shekarun 1900, shi ya sa mu muke cewa garaji, ƴan uwanmu na Katsina da Kano suna cewa gareji.

Abin mamaki, ɗakin ya girmi motar, don a cikin irinsa aka haife ta. A 1882 wani injiniyan Jamus, Gottlieb Daimler, ya bar kamfanin da yake wa aiki ya sayi gida a Cannstatt, kusa da Stuttgart. Cikin lambun gidan akwai wani ɗaki, sai ya mai da shi wurin aiki, shi da abokinsa Wilhelm Maybach. Dare da rana suna ciki a kulle, ƙarar ƙarfe na tashi. Har mai kula da lambun ya zaci kuɗin jabu suke bugawa, ya kai ƙara. Da ƴan sanda suka shigo, ba su tarar da kome ba sai guntayen inji. A ɗakin nan aka haɗa ƙaramin inji mai saurin juyawa wanda a 1885 suka ɗora kan keken katako mai ƙafa biyu, kakan motocin kabu-kabun da suka cika mana gari.

A Amurka ma haka. Henry Ford ma'aikacin kamfanin wutar lantarki ne a birnin Ditroyit. A ƙarshen 1893 ya gwada injinsa na farko cikin ɗakin girki, matarsa Clara na ɗiga masa mai, hayaƙi ya turnuƙe ɗakin. Daga nan aikin ya koma wani ɗan ɗakin bulo da ke bayan gidan hayarsu, lamba 58 a titin Bagley, inda ake ajiye itace da kwal. Ranar 4 ga Yuni 1896, da asuba, ya gama motarsa mai tayoyin keke huɗu. Sai ga matsala: motar ta fi ƙofar faɗi. Gatari ya ɗauka ya fasa gefen ƙofar da bulon, sannan ya fitar da ita. Duk mai shirin gina garaji ya tuna da gatarin Ford, ya auna ƙofa kafin ya ɗora bulo.

A Faransa, Louis Renault yana da shekara 21 a 1898 lokacin da ya haɗa motarsa ta farko cikin wata rumfa a lambun gidansu na Billancourt, gefen birnin Paris. Ranar 24 ga Disamba ya hau wani titi mai tudu a unguwar Montmartre da ita, abokai na kallo, a daren nan mutum fiye da goma suka ce a yi masu irinta. Su ma William Harley da ƴan gidan Davidson, a 1903, cikin rumfar katako mai kamar mita 3 da mita 4 da rabi suka fara, a bayan gidan iyaye a Milwaukee. Kun ga manyan sunaye huɗu ke nan, duka daga bayan gida.

To me ya hana su yin aikin cikin gida? Mai ne, wanda muke ce wa esansi. A zamanin babu gidan mai ko ɗaya. A watan Agusta 1888, Bertha, matar Carl Benz wanda ya yi rajistar motarsa a 1886, ta ɗauki ƴaƴanta biyu ta tuƙa daga Mannheim zuwa Pforzheim, tafiyar da ta haura kilomita 100. Da mai ya ƙare, farmasi ta shiga a garin Wiesloch ta sayi wani ruwan goge tufafi mai kama da esansi. Bututun mai ya toshe, ta sa tsinken hularta ta buɗe. Birki ya cinye, baduku ya liƙa mata fata. Haka lamarin ya kasance shekaru da dama: mai mota shi ne makanikin kansa, kuma man da ya sayo a gwangwani a gida yake ajiye shi.

Masu kuɗin da suka fara sayen mota suna da dawaki da karusa, don haka barga suka fara sa ta. Ba a daɗe ba aka gane an haɗa wuta da auduga. Ga ciyawar dawaki busasshiya, ga gwangwanayen mai, ga fitilun motar na kananzir da na kabaid masu harshen wuta, wasu injinan farko ma da ɗan murhu ake zafafa su kafin su tashi. Mafi yawan gidajen Amurka kuma na katako ne, kuma mutane ba su manta da gobarar Shikago ta 1871 ba, wadda ta tashi daga wata bargar shanu a bayan gida, ta kashe mutum kusan 300, ta bar kusan 100,000 ba wurin kwana. Masu gidaje, kamfanonin inshora da hukumomin gari duk suka tsaya kan abu ɗaya: mota ta kwana nesa da mutane. Ɗakinta ya koma ƙarshen fili. A birane kamar Shikago ƙofarsa kan fuskanci lungun bayan gidaje, inda dā ake fitar da dawaki.

A 1908 Ford ya fito da Model T. Farashinta ya fara daga wajen dala 850, ya yi ta sauka har ƙasa da dala 300, kuma kafin a daina yin ta a 1927 an ƙera fiye da miliyan 15. Manomi da leburan masana'anta suka zama masu mota, leburan kuwa ba su da barga. Sai kamfanoni irin su Sears suka shiga sayar da garaji a kwance: ka zaɓa cikin littafin talla, a aiko maka da katako yankakke da ƙusoshi ta jirgin ƙasa, ka harhaɗa da kanka. Garajin zamanin yana da daɓen siminti mai ɗan gangare don ruwan wanki ya fita, da taga, da teburin aiki a jikin bango. Wasu na haƙa rami a tsakiya don shiga ƙarƙashin mota. Masu hali har faifai suke sawa a ƙasa mai juya motar ta fuskanci ƙofa, saboda komawa da baya wahala ce a lokacin. Ƙofar ma ta ba da ciwon kai, don irin ta barga ce mai buɗewa waje, iska ta karya ta, ƙanƙara ta tokare ta. A 1921 wani Ba'amurke, C. G. Johnson, ya fito da ƙofar da ake ɗagawa sama ta kwanta ƙarƙashin rufi, a 1926 ya ƙara mata injin lantarki.

Da gidajen mai suka yawaita, aka daina tara gwangwanaye a gida, tsoro ya ragu. Bayan yaƙin duniya na biyu, a sababbin unguwannin bayan gari na Amurka, garaji ya matso ya manne da gida, mutum ya fito daga mota ya shiga ɗakin girki ruwa bai taɓa shi ba. Amma dokokin gini ba su saki jiki ba. Har yau a yawancin jihohin ƙasar haramun ne ƙofar garaji ta buɗe kai tsaye cikin ɗakin kwana. Bangon da ke tsakani dole a rufe shi da abin da ke jinkirta wuta, kuma na'ura mai harshen wuta, kamar ta dafa ruwan wanka, akan ce a ɗaga ta wajen santimita 45 daga ƙasa.

Wannan santimita 45 yana da dalili, kuma ya kamata kowa ya riƙe shi. Tururin esansi ya fi iska nauyi sau uku zuwa huɗu. Ba ya tashi sama kamar hayaƙin itace, kwanciya yake a ƙasa yana malala kamar ruwa, ya bi ƙarƙashin ƙofa, ya taru a rami, har ya iske garwashi ko tartsatsi a nesa, wutar ta biyo shi ta dawo wurin bidon. Ko cikin sanyin da ya kai 40 ƙasa da sifiri yana iya kamawa, balle zafinmu. Haɗari na biyu hayaƙin inji ne. A cikinsa akwai iskar guba da ake kira kabon monoksaid, ba wari, ba launi, kuma jini ya fi kama ta fiye da iskar numfashi sau 200 da wani abu. Mutum zai ji ciwon kai da kasala, ya kwanta, shi ke nan.

Saboda haka masu sha'awar mota ba su bi ayarin masu manna garaji da gida ba. Wanda zai yi walda, ya fesa fenti, ya zubar da tanki, ya tada inji da dare, dole ya ja gefe. Kuma a ɗakunan nan na gefe wata al'ada ta girma. A kudancin Kalifoniya, tun shekarun 1930, samari ke sayen tsoffin Ford da arha, su cire duk abin da ke ƙara nauyi, su ɗora inji mai silinda 8 da kamfanin ya fito da shi a 1932, su tafi busassun tafkunan hamada irin su Muroc su gwada gudu. Da sojoji suka dawo daga yaƙi a 1945 da ilimin gyaran jirage da tankoki, abin ya bunƙasa. A 1948 aka fara buga mujallar Hot Rod, a 1951 Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA don a ɗauke tseren daga titunan gari inda ake kashe mutane, a kai shi fili mai doka.

A Landan, a 1948, wani ɗalibi mai shekara 20, Colin Chapman, ya ari garajin iyayen budurwarsa ya sake fasalin wata tsohuwar Austin 7. Motar Lotus ta farko ke nan. Da ya kafa kamfani a 1952, tsohuwar barga ce a bayan otal ɗin mahaifinsa ta zama masana'anta, kuma daga baya Lotus ta ci kambun masu ƙera motocin tseren Formula 1 har sau 7.

Wasu kuma ba gudu ya dame su ba, adana tsoho suke so. A Ingila an kafa ƙungiyar masu tsoffin motoci a 1930, a Amurka a 1935. Kowace shekara, Lahadin farko ta Nuwamba, motocin da aka ƙera kafin 1905 suna tashi daga Landan zuwa Brighton, don tunawa da ranar 14 ga Nuwamba 1896 da aka sassauta dokar gudun mota a ƙasar. A Faransa da Jamus, motar da ta kai shekara 30 kuma aka riƙe ta da kamanninta na asali tana iya samun takarda ta musamman a matsayin kayan tarihi.

Yau idan ɗayansu zai gina garajinsa, darussan nan na shekara ɗari da wani abu yake bi. Zai fara da ma'aikatar magajin gari, a ba shi izini, a gaya masa tazarar da zai bari tsakaninsa da katangar maƙwabci. Sai daɓe, wanda shi ne ba a gyarawa daga baya: a danne ƙasa sosai, a zuba kankare da ƙarfe mai kaurin santimita 10 zuwa 15. Na mota biyu yakan kai mita 7 da wani abu kowane gefe, kuma tsofaffin hannu kan shawarci mutum ya ƙara, don mota idan aka kwance ta tana cin wurin mota biyu. Ramin dā an rage yin sa, tunda nan tururin mai ke taruwa. Injin ɗaga mota ya maye gurbinsa, shi kuma yana buƙatar rufi mai tsawon wajen mita 3 da rabi. Wutar lantarki ana ja mata layinta daban da akwatinta, saboda injin walda da na iska. Ana barin mashigar iska a ƙasa da mafita a sama. Tukunyar kashe gobara tana rataye bakin ƙofa, tsummokaran mai suna cikin garwar ƙarfe mai murfi, kuma ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita sai an tokare ta da ƙafafun ƙarfe.

Sha'awar tana da nata ramin da ba na siminti ba. A Mulhouse ta Faransa, ƴan uwa biyu, Hans da Fritz Schlumpf, masu masana'antun saƙar ulu, sun shafe shekaru suna sayen tsoffin motoci a ɓoye suna jerawa cikin wani sashen masana'anta da suka rufe. Sun tara fiye da 400, Bugatti kaɗai ta haura 100. A 1976 kasuwancin ya durƙushe, suka tsallaka Suwizalan, ma'aikata suka rasa abin yi. A watan Maris 1977 ma'aikatan suka fasa ƙofa suka ga inda dukiyar ta shige. Gwamnati ta hana a warwatsa motocin, a 1982 aka buɗe wurin a matsayin gidan tarihi. Masu yawon buɗe ido na jin daɗin kallo har yanzu, iyalan masaƙan ne suka biya kuɗin.

To mu fa, ina muka shigo? Mota ta daɗe da sanin ƙasarmu. A ƙarshen 1924 ayarin Citroën mai motoci 8 masu sarƙa a baya, wanda ya taso daga Aljeriya, ya ratsa Yamai, Tasawa da Damagaram ya nufi tafkin Cadi. Daga baya Peugeot 404 ta 1960 da 504 ta 1968 suka zama jakunan hanyoyinmu. Wasu Turawa ne suka tsallako Sahara da su suka sayar a Arlit, Agadas da Yamai, wasu kuma daga masana'antar Kaduna da ta fara aiki a 1975 suka fito. Da ma'aunin shekara 30 ɗin nan, motar da ke ɗaukar buhunan albasa da awaki ranar kasuwa, a Faransa kayan tarihi ce da ake gogewa da ƙyalle mai laushi. Abin da Bature ke koyo ranar Lahadi don nishaɗi, makanikanmu sun yi shekara arba'in suna yi don tuwon yara, sau da yawa ba tare da kayan gyara na asali ba. Ta wajen gwaninta, ba mu da abin jin kunya.

Inda tarihin ya taɓa mu sosai shi ne maganar tazara. Halin da Amurka ke ciki a 1905, mai a gwangwani cikin gida, shi ne halin unguwanninmu da yawa a yau. Moto na kwana a zaure, wani lokaci cikin ɗaki kusa da katifar yara, don tsoron ɓarayi. Ƴan ruwa-ruwa idan sun tashi daga bakin hanya, bidon da kwalabe gida suke komawa, wani sa'in ƴan taku kaɗan daga murhun uwargida. Lokacin bazara, zafi ya kai 45, wuta ta ɗauke, sai a tada gurup a jikin taga a kwanta. Ba wanda ke yin haka don ganganci. Wuri ne ya yi kaɗan, ɓarawo kuma gaskiya ne. Amma tururin mai bai san uzuri ba, kuma idan iskar hunturu ta samu wuta a gida mai zana da katako, kafin ƴan kwana-kwana su iso an gama.

Ba sai mun aro hikimar daga Ditroyit ba ma. Kakanninmu a rumfar waje suke kafa maƙera, kuma ba a gina rumbun hatsi a jikin madafa. Abin da ya rage shi ne mu sa inji cikin wannan tsohon lissafi. Wanda Allah ya hore wa fili, ko mai mita 300 ne ko 400, tun ranar da magini ya ja igiya ya ware kusurwa ɗaya, wadda ta fi nisa da ɗakin kwana da madafa. Ɗaki ɗaya ya isa, na bulo ko na ƙasa, rufin langa-langa, daɓen siminti, ƙofar ƙarfe mai faɗi da kwaɗo mai kyau, ramukan iska a ƙasa da sama, bokitin rairayi a bakin ƙofa. Rairayi ko tukunyar kashe gobara ake sa wa wutar mai, ruwa watsa ta yake. Nan moto za ta kwana, nan bido, gurup kuma a tada shi a sarari nesa da tagogi. Wanda ke gidan haya ko gidan gado mai cunkoso, su haɗa kai da maƙwabta su yi ɗaya na kowa.

Idan ɗakin ya samu, a sa masa ɗan tebur da ƴan sifanu. Akwai yaro a kusan kowane gida wanda ba ya ganin rediyo ko tocila bai kwance ta ba, kullum ana yi masa faɗa. Renault yana da shekara 21, Chapman 20, kuma abin da iyaye suka ba su bai wuce rumfa da izinin ɓata hannu da baƙin mai ba. Ba kowane yaro zai kafa kamfani ba, amma wanda ya koyi kwance kabireta a wuri mai iska, nesa da ƙannensa da ke barci, ya riga ya samu sana'a da tarbiyyar kiyaye rai tun kafin a kai shi wurin maigida a garaji.

Allah ya tsare mu da gobara, ya sa albarka ga sana'ar makanikanmu da yaransu. Sai mun haɗu a tarihi na gaba.